Yaranmu na zango da malamansu a Kumasi

Yaya ka tambaye ni wai ya muke yarda yaranmu su zauna aji ɗaya da 'ya'yan Asante, wato 'yan asalin Kumasi nan Gana, malamin ma Kirista, ba ma tsoron su lalace? To bari in warware maka, don daga Birnin Kebbi abin zai yi wuyar ganewa.

Mu nan zango ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Wangara, Hausa ce ta haɗa mu tun zamanin fataucin goro. Amma fa Hausa ba ta cikin yarukan da gwamnatin Gana ta zaɓa ake koyarwa, a Kumasi Twi, yaren Asante, ake yi da Turanci. Yaro ya tashi da Hausa a gida, ya shiga aji bai jin komai sosai, to wallahi a nan ake gane malami. Wani zai ce "yaran zongo" da wata irin murya, shi ke nan ya kashe wa yaro zuciya, sai ka ga ya koma can bayan aji, jibi ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Wata kuma za ta koyi sannu da ina kwana don kawai ta gaisa da su, ta haɗa Musa da Kwame benci ɗaya, azumi ya zo ta ɗauke masu guje-guje, in yara sun yi wa wata dariya kan hijabi ta tsayar da darasi ta yi magana nan take. Irin wannan malamar ko coci take zuwa iyaye har naman layya suke aika mata, kuma ta cancanta.

Muna da namu makarantun, tun 1987 aka buɗe sashen ilimin Musulunci ƙarƙashin hukumar ilimi, ana haɗa Arabiyya da boko, gwamnati ke turo malaman boko kuma cikinsu akwai Kiristoci. Ba wai babu rigima ba, a 2021 ƙasar ta ɗau zafi da wata makarantar mishan ta 'yan mata a Cape Coast ta hana ɗaliba azumi, abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Ku ma ai kuna da irin wannan Yaya. Ɗan Zuru ko ɗan Kambari ko yaron da ya fito daga ruga in ya zo makarantar su Aminu, wa ke zama kusa da shi, kuma da wane suna malami ke kiransa? Ka tambayi Aminu ka faɗa mini.