Mutanen Kanak da Rigimar Ƙuri'ar Baƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan goro ne a Agege. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga Kano a jirgin ƙasa. Wani abokina ɗan Nijar ya nuna mini bidiyon wasu baƙaƙen fata a wani tsibiri ana ta ƙone-ƙone, ya ce Kanak ne, suna faɗa da Faransa don ta ce duk wanda ya shekara goma a ƙasar a bar shi ya yi zaɓe. Shi yana bayansu, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka sha jin "ku koma garinku", ta yaya zan goyi bayan masu hana mazauni ƙuri'a?
Mai karatu daga Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don ni ma an taɓa faɗa mini wannan magana a layin zaɓe, yatsa yana nuna hulata. Na san zafinta.

Ni ta hanyar ƙwallo na fara sanin mutanen nan. A 1998, wani gidan kallo a Idi-Araba, muna zaune kan benci ana taken Faransa, kyamara tana bin fuskokin 'yan wasa. Da ta iso kan Christian Karembeu sai ga bakinsa a rufe gam. Na kusa da ni ya ce girman kai ne. Sai daga baya na gano Bakanake ne, kuma mahaifin kakansa yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Paris a 1931 aka baje su ana biyan kuɗi a kalle su, wai masu cin naman mutane.

Ƙasarsu Sabuwar Kaledoniya ce, a tekun Fasifik, gabas da Ostiraliya. Faransa ta kafa tutarta a can ranar 24 ga Satumba, 1853, ta mai da tsibirin gidan kurkuku, ta jibge fursunoni sama da 20,000. Aka ƙwace filayen noma aka ba Turawa makiyaya, shanunsu suna tattake gonakin doya. Ka san darajar doya a kasuwar Mile 12. To a wurin Kanak ta wuce abinci, da ita ake lissafin shekara, da ita ake ƙulla aure da zumunci. Ana ba da labarin wani sarkinsu, Ataï, ya je gaban gwamna da buhu biyu. Ya zazzage na farko, ƙasa ce mai kyau, ya ce ga abin da muke da shi. Ya zazzage na biyu, tsakuwa zalla, ya ce ga abin da ka bar mana. Ya yi tawaye a 1878, aka kashe shi, aka aika kansa Paris. Sai a 2014 aka mayar wa jikokinsa ƙoƙon kan.

Yanzu ga inda lamarinsu ya rabu da namu. Kakanka da ƙafarsa ya zo Agege, da fatauci, ya sami masu gari ya zauna ƙarƙashin sarautarsu. Ba wata gwamnati da ta turo shi don ya rinjayi Yarbawa a ƙidaya. A can kuwa, lokacin da kasuwar ƙarfen nikel ta buɗe, Firaministan Faransa Pierre Messmer ya rubuta wasiƙa a 1972 yana cewa a yawaita tura Faransawa tsibirin, don kada 'yan ƙasa su yi yawan da za su nemi 'yanci. A rubuce take, ba ji-ta-ji-ta ba. Ƙidayar 2019 ta nuna Kanak kashi 41 ne cikin ɗari na mutum kusan 270,000. An mai da su 'yan tsiraru a gidan ubansu, sannan a ce musu a zo a ƙirga hannu.

Jini ya zuba kafin a zauna. A Disambar 1984 aka kashe Kanak goma a wani kwanton ɓauna kusa da garin Hienghène, biyu daga ciki 'yan'uwan jagoransu Jean-Marie Tjibaou ne uwa ɗaya uba ɗaya. A Mayun 1988 sojoji suka afka wani kogo a tsibirin Ouvéa inda 'yan gwagwarmayar Kanak suka yi garkuwa da jandarmomin Faransa, Kanak 19 da soja biyu suka mutu. Duk da haka Tjibaou ya miƙa wa abokin gabarsa Jacques Lafleur, jagoran masu son a zauna ƙarƙashin Faransa, hannu a watan da ya biyo baya, kuma wannan musabahar ce ta ci ransa: wani ɗan'uwansa Bakanake ya harbe shi a 1989. Ba na iya karanta tarihin mutumin nan ban yi shiru ba.

Yarjejeniyar da aka ƙulla a Numeya, babban birnin ƙasar, a 1998 ta tanadi zaɓen raba gardama kan 'yancin kai har uku, kuma daga gare ta aka taƙaita rajistar zaɓen larduna ga waɗanda suke can tun kafin 1998 da 'ya'yansu. Masu son 'yanci sun sami kashi 43 a 2018, kashi 47 a 2020. Na uku ya faɗo a Disambar 2021, korona ta yi musu ɓarna, suna zaman makoki, suka roƙi a ɗaga. Paris ta ƙi, suka ƙaurace, aka bayyana sakamako haka nan. A 2024 kuma sai ga kudurin ƙara masu zaɓe kimanin 25,000 ba tare da amincewarsu ba. Shi ne bidiyon da ka gani. Mutum 14 suka mutu, aka sa dokar ta-ɓaci, har TikTok aka toshe. Ƙona shagon talaka ba abin yabo ba ne, kuma ba zan yabe shi ba, amma Faransa ce alƙaliya kuma ita ce mai ƙara, ta sauya dokar wasa ana tsakiyar wasa. Abokinka ɗan Nijar ya san wannan hali, shi ya sa bai yi dogon tunani ba.

Ka lura, sabon zuwa yana zaɓen shugaban Faransa da 'yan majalisarta da magajin gari. Abin da ya shafi makomar ƙasar ne kawai aka keɓe. A lokacin rikicin 2024 akwai waɗanda aka haifa a can amma dokar ta bar su a waje, kuma wannan kam ina ganin kukansu abin saurare ne.

Irinka kuwa, wanda kakansa ne ya zo, ba a taɓa cire shi ba. Tun a wani taro da aka yi a Faransa a 1983 shugabannin Kanak suka amince cewa jikokin fursunoni da leburorin da aka kawo su ma tarihi ne ya zalunce su, suna da baki a maganar. Cikinsu har da jikokin Aljeriyawa Musulmi da Faransa ta kora can bayan tawayen 1871. Maƙabartarsu tana nan kusa da garin Bourail, da itatuwan dabino a gefenta, kuma jikokin nasu sun jefa ƙuri'a a zaɓen raba gardamar.