Tambaya da Amsa: Wai Gidan Korau Tun Ginin Korau Ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na zo kallon hawan sallah Katsina, muna tsaye bakin Ƙofar Soro sai yayana ke ce mani wai gidan Sarki tun ginin Korau ne ba a taɓa shi ba, ni kuwa na ce ina, katangarmu ta ƙasa ma damina biyu ta yi ta zube. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata ɗalibarku a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Yayanki ya faɗi rabi, ke ma kin faɗi rabi. Wurin dai tsoho ne, sunan Muhammadu Korau yake ɗauke da shi, wanda ya kada Sarki Sanau a kokawa ya karɓe sarauta daga gidansu na Durɓawa, galibin masana na sa zamaninsa a ƙarni na 15. Haɓe sun zauna ciki, Fulani Dallazawa sun shiga bayan jihadi, daga 1906 kuma Sarki Dikko da zuriyarsa. To kowa ya zo ai sai ya rushe nan ya ƙara can, yanzu ma siminti da fenti sun shiga wurare da yawa, don haka cewa ba a taɓa ba kam yaya ya ƙara gishiri.

Amma maganar katangarku, kar ki ɗora wa ƙasa laifi. Magina na da can sai sun cuɗa ƙasa da ciyawa an tattake ta ta kwana ta tsima kafin a mulmula tubali, su yi bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa sama, rufi kuma azara ce ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, in soron babba ne a ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini daga bango zuwa bango, ya riƙe nauyin ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, shi ya sa za ki shiga da rana tsaka ki ji sanyi kamar an kunna fanka. Daga waje a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, indararo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Sannan babban abin, yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, sarki na da magina da masu ɗauko ƙasa. Ku fa, yaushe rabon da a yi wa taku katangar yaɓe?