Amsa ga ɗan'uwan da kibod ɗinsa ya ƙi aiki bayan Windows ya yi ofdet

Assalamu alaikum. Malam, tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu sukunin zama in ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce kwamfutocin tebur biyu da kake buga takardu da su a shago sun yi ofdet cikin dare. Da gari ya waye, ɗaya maus ɗinta yana tafiya amma kibod ya ƙi rubuta komai, ko fasuwod ba ka iya sakawa. Ɗayar kuma tana rubutu, amma in ka nemi @ sai ta ba ka alamar zance. Kuma wani ya ba ka shawara a yi fomatin kawai a huta.

Don girman Allah kar ka bari a yi fomatin ɗin nan tukuna. Ayyukan mutane ne a ciki, furojet ɗin ɗalibai da takardun da ba ka san ranar da masu su za su dawo nema ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma da wuya in tuna kibod ɗin da sai da aka goge kwamfuta gaba ɗaya sannan ya dawo hayyacinsa. Yawanci abin da ya lalace ƙarami ne, gano inda yake ne aikin.

Bari mu sallami ta biyun da wuri, don ita lafiyarta ƙalau. Tsarin kibod ne ya sauya daga na Amurka zuwa na Ingila. A na Amurka, Shift da 2 ne ke ba da @. A na Ingila kuwa Shift da 2 alamar zance yake bayarwa, Shift da 3 kuma ya ba ka £ a maimakon #. Gwada ka gani, in ka ga alamar fam ta fito, magana ta ƙare. Ka dubi ƙasan allo daga dama, kusa da agogo, za ka ga ENG da ƙananan haruffa a ƙarƙashinsa. Danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara, zai juya maka zuwa ɗaya tsarin. Don kar ya sake komawa, shiga Settings, sai Time & language, ka nemi wajen harshe, ka cire tsarin da bai dace da abin da ke rubuce a kan maɓallanka ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin kibod ɗinsu na Faransa ne, in tsari ya juye sai mutum ya danna A ya ga Q, ya danna Z ya ga W. Haka nan in ka taɓa saka tsarin Hausa na Windows ko manhajar Keyman saboda ƙ da ɗ da ɓ, ka duba ko yana nan a jerin, kuma ko shi aka zaɓa.

To, ta farkon ce ke son natsuwa. Abin da nake fara yi ko da yaushe shi ne in raba gardama: kibod ɗin ne ya mutu, ko Windows ne ya daina jin sa? Kashe kwamfutar, zare wayar wutarta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20 don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Sannan ka cire kibod daga inda yake, ka kai shi bayan akwatin. Ramukan USB na baya a jikin babban allon injin suke kai tsaye, na gaba kuwa wata siririyar waya ce ta haɗa su, kuma su ne suke shan soka filashin kwastomomi dare da rana har su saki. A bayan ma ka zaɓi baƙin rami, ka bar shuɗin, wato USB 3.0. Mayar da wuta, kunna, kuma tun kafin tambarin Windows ya fito ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke buɗewa kafin Windows: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na tebur, Delete a waɗanda aka harhaɗa. In ka shiga, kuma maɓallan kibiya suna motsa ka sama da ƙasa, to kibod da waya da rami duk lafiya suke, matsalar tana cikin Windows. Ka fita ba tare da ka sauya komai ba. In ba ka iya shiga ba, kar ka yanke hukunci nan take, domin wasu injinan suna saurin tashi har su tsallake USB. Ɗauki kibod ɗin ka soka a ɗaya kwamfutar taka, ka kawo nata nan. Minti biyu ya isa ka san mai laifi.

Ina nanata wannan gwajin ne saboda ofdet yakan ɗauki laifin da ba nasa ba. Kwamfutar shago tana iya yin makonni ba a yi mata cikakken tashi ba, sai ofdet ya tilasta mata, daga nan ne abin da ya daɗe yana jan ƙafa yake fitowa fili.

Mu ɗauka ka shiga BIOS lafiya. Yanzu sai shiga Windows ba tare da kibod ba, kuma da maus kaɗai za ka iya. A shafin fasuwod, can ƙasa daga dama, akwai ɗan tambari kusa da na kashewa. Danna shi ka kunna On-Screen Keyboard, kibod zai fito a kan allo, ka riƙa danna haruffan da maus. Amma kafin ka rufe wannan ɗan akwatin, ka dubi wani layi da ke cikinsa mai suna Filter Keys. In a kunne yake, kashe shi, ka gwada kibod ɗinka nan take.

Wannan Filter Keys ɗin shi ne ya taɓa cinye mini yini guda. Wata baiwar Allah mai shagon buga takardu ta aiko a kira ni, kibod ya mutu bayan ofdet, har ta aika an sayo sabo, shi ma shiru. Na cire direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kibod da Windows, na mayar, na sauya ramuka, babu labari. Wajen la'asar na gaji, na ɗora yatsana a kan harafi ɗaya ban ɗaga ba ina tunani, sai na ji ɗan ƙara daga sifika, harafin ya fito. Ashe da daddare da za su tashi, yaron shagon ya jibge fayil-fayil a gefen kibod, ɗaya ya danne Shift na dama. In aka danne wannan maɓalli daƙiƙa 8, Windows yana tambaya ko a kunna Filter Keys, shi kuma yaron ya amsa da eh don saƙon ya tafi ya kashe kwamfuta. An yi abin ne don masu rawar hannu, ya riƙa watsi da duk dannawar da ba a daɗe a kanta ba. Mai saurin bugu kuwa sai ya ga kamar kibod ya mutu murus. Tun daga ranar, duk kwamfutar da na taɓa sai na shiga Settings, wajen Accessibility a Windows 11 ko Ease of Access a Windows 10, na kashe gajeriyar hanyar kunna shi. Haka ma Sticky Keys, wanda ke tashi in an danna Shift sau 5 a jere.

In ba shi ba ne, shiga ciki, ka danna Restart, ba Shut down ba. Mutane da yawa ba su san akwai bambanci ba. Windows yana da wani tsari mai suna Fast Startup, wanda in ka kashe kwamfuta yake ajiye halin da direbobi suke ciki, ya ɗauko shi in ka kunna. Ke nan in direban kibod ya rikice, da rikicinsa zai dawo ko sau goma ka kashe ka kunna. Restart ne ke tayar da komai daga tushe.

Daga nan sai Device Manager: danna maus na dama a kan Start, za ka gan shi a jerin. Buɗe Keyboards. In ka ga alamar motsin rai a cikin ɗan kusurwa uku mai ruwan ɗorawa, buɗe shi ka rubuta lambar kuskuren da ya nuna, za ta yi mana amfani. Ko da alama ko babu, danna na dama a kan duk abin da ke ƙarƙashin Keyboards, ka zaɓi Uninstall device, ka sake Restart. Kar ka ji tsoro, Windows zai mayar da direban da kansa. Ka kuma sauka ƙasa zuwa Universal Serial Bus controllers, ka buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ramin don tattalin wuta. Wannan shi ne maganin kibod ɗin da ke aiki, in an bar shi ɗan lokaci ya yi barci ya ƙi tashi. In kuwa lambar da ka gani 19 ce ko 39, tsaya nan ka faɗa mana. Sau da yawa wata manhaja ce ta daban, irin su tsohon antibayiros da aka cire bai fita duka ba, ta bar sunanta a layin da direban kibod ke bi. Gyaran a cikin rajistar Windows yake, wato ma'ajiyar saitunansa na ciki, kuma ba na son ka shiga can kai kaɗai.

Sai an wuce duk waɗannan sannan nake taɓa ofdet ɗin kansa. A Settings, Windows Update, Update history, akwai Uninstall updates. Cire na baya-bayan nan, wanda kwanan watansa ya dace da daren da abin ya faru, sannan ka dakatar da ofdet na ɗan lokaci, ana iya kai wa mako 5. Dakatarwa na ce, ba kashewa har abada ba, don galibi gyaran ma ta nan yake zuwa. In babban ofdet ne, wanda ya sauya zubin Windows gaba ɗaya, kana da kwana 10 kacal ka koma na baya ta wajen Recovery. A cikin kwanakin nan kar ka bari kowa ya yi maka "sharar" kwamfuta, domin foldar Windows.old, inda aka ajiye tsohon zubin, ita ce hanyar komawar, in aka share ta ƙofa ta rufe. Ka kuma tuna ko an ɗauke wuta a daren. Ofdet ɗin da wuta ta katse a tsakiya yakan bar abubuwa rabi da rabi, kuma cire shi a sake sakawa da UPS ko janareta a kunne yakan daidaita komai.

Akwai kuma lokacin da laifin na ofdet ne da gaske. Wanda ya fito ranar 14 ga Oktoba 2025 mai lamba KB5066835, na Windows 11 zubin 24H2 da 25H2, ya hana kibod da maus na USB aiki a shuɗin shafin gyara, wato inda ake zuwa in Windows ya ƙi tashi. A cikin Windows ɗin kansa suna aiki, sai an shiga can su tsaya cik. Microsoft ta amince da matsalar, ta fitar da gyara mai lamba KB5070773 ranar 20 ga watan. Naka bai yi kama da wannan ba, tunda a shafin fasuwod ya tsaya, amma na kawo shi ne saboda abin da ya ceci mutane da yawa a lokacin: tsohon kibod mai zagayayyen baki, wato PS/2. Dubi bayan akwatinka, da yawa daga kwamfutocin ofis na hannu da muke saye suna da zagayayyen rami mai launin shunayya (purple), shi ne na kibod, koren kuma na maus. Wannan ba ta hanyar USB yake bi ba sam. Ni ina da guda ɗaya a ƙasan kanta, duk haruffansa sun goge, amma ba zan sayar da shi ba. Sharaɗinsa ɗaya: a soka shi kwamfuta tana kashe, sannan a kunna.

Ba ka faɗa mana ko kibod ɗin mai waya ne ko mara waya ba. In mara waya ne, sauya batir kafin komai, kuma ka nesanta ɗan abin karɓar saƙonsa daga shuɗin rami da duk wani hard disk na waje da ke soke a nan, domin USB 3.0 yana damun siginar 2.4 GHz da irin waɗannan kibod ke amfani da ita.

Yi gwajin BIOS ɗin da musayar kibod tsakanin kwamfutocin biyu, sannan ka duba Filter Keys. In har yanzu shiru, ɗauko mana hoton Device Manager da wayarka, da na Update history inda lambar KB ta fito, ka kuma faɗi ko fitilar Caps Lock tana kamawa in ka danna. Da zarar ka samu shiga da kibod na kan allo, fara kwashe ayyukan mutane zuwa filashi kafin ka taɓa komai. Ina nan har bayan isha'i in sha Allah, zan duba.