Tambayoyinku: Tauraron ɗan'adam yana hango man fetur a Tekun Kasfiyan?

TAMBAYA: Malam, an turo mana hoton Tekun Kasfiyan a WhatsApp, wai daga sararin samaniya aka ɗauka. Arewacinsa kore shar, an ce mai ne ya malala. Gaskiya ne? Ɗalibi daga Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, a ina ka taɓa ganin ɗanyen mai kore? Laka ce da ƙananan tsirran ruwa. Arewacin tekun ba shi da zurfi, matsakaicin zurfinsa mita 5 zuwa 6 ne, kuma nan kogin Volga yake juye ruwansa, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tekun. Can kudu wajen Iran zurfin ya haura mita 1,000, shi ya sa ruwan yake shuɗi mai duhu.

Mai kam akwai shi. Ga rijiyoyin Baku a Azarbaijan, ga filin mai na Kashagan a Kazakistan da aka gano a 2000. Amma kyamarar tauraro ba ta leƙa ƙarƙashin ƙasa. Abin da take gani shi ne dandamalin haƙa, da jiragen ruwa, da wutar iskar gas da dare. Malalar mai kuwa da na'urar rada (radar) ake kama ta, tana fitowa kamar baƙin tabo. Iyakar ƙasashe ma ba a ganin ta daga sama. Ƙasashe biyar ke da tekun: Rasha, Iran, Azarbaijan, Kazakistan da Turkmenistan, kuma sai a 2018 suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Aktau. Yarjejeniyar ta ware wa kowacce mil 15 (a ma'aunin mil na teku) daga gaɓarta da ƙarin mil 10 na kamun kifi, rabon ƙasan tekun kuma aka bar wa maƙwabta su daidaita tsakaninsu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hoton da ba kwanan wata. Kun karɓa, kun tura, ba wanda ya tambayi yaushe aka ɗauka! Ruwan Kasfiyan yana ja da baya da gaske, kifin da ake samun ƙwansa mai tsada yana ƙarewa, amma hoton bogi ɓata wannan magana yake yi. Da hunturu arewacin tekun ƙanƙara yake zama. Gobe wani zai turo muku shi fari fat ya ce gishiri ne. Haka ake yi mana da Tafkin Chadi, a jera hoton bayan damina da na tsakiyar rani, a ce shekaru ne suka cinye ruwan.

Don Allah ka saba da abin da nake yi. Buɗe manhajar Google Earth Pro a kwamfuta, danna alamar agogo, ka kwatanta hotunan wata ɗaya, misali Janairu, a shekaru daban-daban. In sabon hoto kake so, shafin Copernicus Browser yana ba da na taurarin Sentinel-2 kyauta, kusan duk kwana biyar.

TAMBAYA: Na gina sabon ɗaki, amma Google Earth bai nuna shi ba. Wata uwargida daga Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ba kai-tsaye yake nunawa ba. Hoton unguwarku zai iya kai shekaru. Allah Ya sanya alheri a ɗakin.

TAMBAYA: Manhajar Google Earth tana shanye mini data.

AMSA: Hotuna take saukowa, dole ta sha. Jira sai ka samu Wi-Fi.