Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙwan Kifina Yake Fari Kafin Ya Ƙyanƙyashe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin ado a tankin gilashi mai cin lita 60, kuma a ciki akwai namiji da tamata na ƙaramin kifin nan Apistogramma agassizii. Sau uku ke nan tamatar tana yin ƙwai a cikin ƙoƙon kwakwar da na kifa mata, amma kafin kwana biyu sai ƙwan ya yi fari ya yi fumfuna. Ruwan rijiyar burtsatse nake zuba musu, na kuma sayi maganin da ake ɗigawa don sauke pH, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa (idan ta sauka, tsami ya ƙaru), amma bai yi amfani ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda tamatar tana yin ƙwai a kai a kai, kifinka yana da lafiya kuma abincinsa ya wadatar. Abin da nake zargi shi ne ruwan, kuma ba lambar pH ce farkon matsalar ba.

Wannan kifi ɗan dangin karfasa ne, sai dai tsawonsa bai cika wuce santimita 8 ba, kuma asalinsa ƙananan rafukan kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa yake bi ta kan ruɓaɓɓen ganye har ya koma kalar shayi, ga tsami, ga ƙarancin ma'adinai. Babban kifi yana iya jure ruwa mai yawan ma'adinai ya rayu lafiya, amma ƙwai ba ya da wannan juriya. Ruwan burtsatse kuwa a wurare da yawa yana ɗauke da narkakken farar ƙasa. Ka duba cikin butar da kake tafasa ruwa, ko layin da ruwa yake tsayawa a jikin gilashin tankinka: idan ka ga farin ɓawo ya daskare, ga shaidarka nan. Waɗannan ma'adinai ne suke shanye maganin da kake ɗigawa, pH ya sauka da safe ya koma inda yake da yamma, kuma wannan hawa da sauka ya fi cutar da ƙwai fiye da a ce ka bar ruwan yadda yake. Ka ajiye kwalbar maganin tukuna.

Mafita ita ce ka sirka ruwan. Ruwan sama shi ne mafi arha, muddin ka bar na farkon damina ya wanke ƙurar kwano, sannan ka tara na baya a cikin ganga mai murfi. Ka fara da kashi uku na ruwan sama da kashi ɗaya na burtsatse, ka auna, ka nemi taurin ruwan, wato yawan ma'adinan da ke cikinsa, ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin tauri na dGH, pH kuma ya zauna tsakanin 6 da 6.5. Kada ka yi amfani da ruwan sama zalla, domin ba shi da abin da zai riƙe pH, yana iya zubewa ƙasa farat ɗaya. Sauyin ma a hankali za ka yi shi, kamar kashi 10 cikin ɗari na ruwan tankin duk bayan kwana uku. Wani abu da masu kiwo a arewa suke mantawa shi ne bazara: ruwa yana ƙafewa ya bar ma'adinansa a tanki, to idan ka riƙa cikewa da na burtsatse, ƙara tauri kake yi kullum. Da ruwan sama ake cikewa.

Tsafta ba ta da sassauci. Amoniya da naitirait, gubobin da ke samuwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, su kasance sifili, naitiret kuma, wanda naitirait yake rikiɗewa ya zama, ƙasa da miligiram 20 a lita, sannan matacin ruwa na soso ya fi dacewa, domin ba ya zuƙe 'ya'yan kifi.

Game da zafi, digiri 26 a ma'aunin Salshiyas za ka nema. Binciken da wasu masana biyu a Jamus suka wallafa a 1996 ya nuna cewa a jinsin Apistogramma zafin ruwa a makonnin farko yana tasiri kan jinsin 'ya'yan: a digiri 23 mata suke rinjaya, a digiri 29 kuma maza. Saboda haka a Kano na fi son a nemi haihuwa da damina, lokacin da ga ruwan sama a wadace, babu sanyin hunturu kuma babu zafin Afrilu.

Idan bayan wata guda cikin sirkakken ruwa ƙwan ya sake yin fari gaba ɗaya, to ka zargi namijin, wataƙila bai balaga ba ko ya tsufa. Kafin nan, idan kana so ka koyi renon 'ya'ya da kifin da ba shi da wuyar sha'ani, ka nemi kiribensis, wato Pelvicachromis pulcher, wanda asalinsa rafukan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru. Shi ma a kogo yake ƙwai, ƙoƙon kwakwar nan naka ya ishe shi, kuma yakan ƙyanƙyashe a ruwa mai matsakaicin tauri.