Ƙawata ta coci ta rasu amma ina jin daɗin sanyin bana, laifi ne?

Tambaya: Salama. Ina zaune a Jos, ƙawata da muke zumuntar mata tare ta rasu a watan Oktoba. Ni tun ina yarinya ba lokacin da nake so kamar hunturu, da sanyin bana ya shigo na tashi da safe na ga hazo na haɗa shayi sai na ji raina ya yi fari, nan take kuma kunya ta kama ni, wai ita tana kwance a ƙasa ni ina jin daɗi. Ran Lahadi kuwa ko bencin da muke zama ba na iya kallo. Lafiyata ƙalau kuwa?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke da iyalinta. Lafiyarki ƙalau, kuma ba ki ci amanarta ba.

Mutane suna ɗauka mai makoki na gaskiya sai ya wuni ya kwana cikin baƙin ciki, amma ba haka zuciya take aiki ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun yi bayani a 1999 cewa wanda aka yi wa rashi kai-komo yake yi, yanzu yana cikin kewa da kuka, anjima ya koma harkar rayuwa ya ci abinci ya yi dariya, sannan kewar ta sake dawowa, kuma wannan kai-komon shi ke sa mutum ya iya ɗaukar abin. Kamar mai dakon ruwa ne daga nesa, in ta sauke tulu ta huta ai ba zubar da ruwan ta yi ba. Toh safiyar nan da kika riƙe kofin shayi da hannu biyu tururi yana bugun fuskarki, hutun ke nan. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, jikinki ya saba da sanyin Disamba da Janairu tun kina ƙarama, ba zai daina jin daɗinsa ba don zuciya tana ciwo.

Akwai kuma abin da ba ki faɗa ba amma ina yawan ganinsa. In an yi rasuwa miji da 'ya'ya da iyaye ake yi wa ta'aziyya, ita aminiya tana bayan gida tana hura wuta tana raba wa baƙi abinci, ba mai zaunar da ita ya ce mata sannu da rashi, alhali wataƙila ita ta fi kowa sanin cikin marigayiyar. Irin wannan makokin da ba a ba shi wuri ba yakan daɗe yana cin mutum a ɓoye. Ki tuna Li'azaru ba ɗan ɗakin su Yesu ba ne, abokinsa ne, kuma ya yi masa hawaye a gaban jama'a (Yohanna 11:35). Masu ce miki daina kuka ai ta tafi gida da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ta hana.

Maganar benci kuma, ba na son ki daina zuwa sujada gaba ɗaya, don abin da ake gudu ƙara girma yake yi. Ki canza wurin zama na wasu makonni, ki samu mace ɗaya a zumunta ki gaya mata gaskiya ta riƙa zama kusa da ke, in aka ɗauko waƙar da take so hawaye suka zo ki bar su, in ya yi yawa ki fita ki sha iska ki dawo. Kirsimeti ma ki shirya mata tun yanzu, ranar da za a saka anko babu ita za ta yi nauyi. In ta bar yara ki leƙa su, ki duba ko suna da rigar sanyi da safa, ko akwai mai shafa musu mai a ƙafa kafin kaushi ya tsattsage, irin abin da uwa ce kaɗai ke lura da shi.

Yaushe za ki nemi taimako? Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa makokin da ya zarce a matsayin lalura in aƙalla wata 6 sun wuce kewar tana nan da zafinta har ta hana mutum aiki da hulɗa da jama'a. Ke ba ki kai nan ba. Amma in barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi shiga kina ramewa, ko tunanin gara ki bi ta ya fara zuwa miki, don Allah kar ki jira wata shidan, ki gaya wa wani na kusa a ranar, ki ga likita, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, fasto ko matarsa ma za su iya raka ki.