Dalilin da ya sa ba na mayar da Ford daga ƙofar gareji

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa gareji da yawa suke mayar da motar Ford tun daga bakin ƙofa, suna cewa su ba sa taɓa motar Amurka, alhali ni ina karɓarta. Ka kuma ce kana mamakin yadda masu motar suka rabu biyu, wani yana rantsuwa ko kyauta aka ba shi ba zai sake karɓa ba, wani kuwa ya daɗe da tasa ba ya ma son jin zancen sayarwa. Tun da an ce laifin babba rowa, ba zan yi maka rowar abin da na sani ba. Abin da na gani a tsawon zamana cikin wannan sana'a shi ne, yawancin masu kukan ba motar ce ta cuce su ba, hannun da ya taɓa ta ne, domin mun saba da Peugeot da Toyota har mun haddace su, sai mu ɗauki wannan hadda mu ɗora wa motar da aka ƙera bisa wata ƙa'ida dabam.

Ka fara sanin inda ta fito. An kafa kamfanin a watan Yuni na 1903 a birnin Detroit da ke jihar Michigan, da jarin dala 28,000. Henry Ford, wanda sunansa yake goshin motar, ɗan manomi ne da ya bar gona yana saurayi ya shiga koyon aikin injuna a ƙarƙashin wasu, kamar yadda kake yi yanzu, daga baya ya zama injiniya a kamfanin lantarki na Edison. Da farko ma ba kamfanin ne yake ƙera injunansa ba. Wa da ƙani, John da Horace Dodge, su ne suke kawo masa inji da giya, kafin su ware su fito da tasu motar a 1914.

Motar da ta kafa sunan ita ce Model T, wadda ta fito a 1908. A wancan zamani mota abin hawan masu hannu da shuni ce, amma Ford manomi ya nufa da tasa. Injinta silinda 4 ne mai ƙarfin doki 20, an ɗaga ta daga ƙasa saboda hanyoyin karkara masu laka da rami, an kuma yi kan injin yadda za a kwance shi a cire a duba ciki, abin da ba a saba gani ba a lokacin. An fara sayar da ita a kan dala 850. A 1913 masana'antar Highland Park ta fito da layin haɗa mota mai tafiya, inda ma'aikaci yake tsaye wuri ɗaya aikin yana zuwa masa, sai lokacin haɗa mota ya sauko daga sa'o'i 12 da wani abu zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. A 1914 aka mayar da ladan ma'aikaci dala 5 a yini, wanda ya ninka na da, domin aikin layi yana da gajiyarwa, ma'aikata suna ta gudu. Zuwa 1925 farashin mafi arha daga cikinsu ya faɗo zuwa dala 260, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi sama da guda miliyan 15.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne zaman da masu motar suka yi da ita. Tankin fetur yana ƙarƙashin kujerar gaba, babu famfon mai, man yana gangarawa ne da kansa zuwa inji, saboda haka idan tudu ya yi tsayi kuma mai ya yi ƙasa sai ya daina isa, dole direba ya juya ya hau tudun da baya. Tayar da ita da hannu ake yi, da ƙarfen murɗawa a gaban inji, kuma wanda ya manta bai mayar da sandar wuta baya ba, injin yana iya tunkuɗo ƙarfen ya karya masa hannu. Sai a 1919 aka fara sa mata abin tayarwa na batir. Duk da haka manoma sun riƙe ta, har suna ɗaga ƙafar baya su ɗaura bel su juya zarto ko famfon ruwa da ita. Mutanen nan ba su ce motar ba ta da kyau ba don kawai ta ƙi hawa tudu. Sun koyi halinta ne suka bi da ita. Ka lura kuma da abin da ya kusa kayar da kamfanin: Henry Ford ya kafe cewa ba za a sake wa motar fasali ba, har ta shekara wajen 12 baƙa kaɗai ake yi, Chevrolet kuwa tana kawo launuka da sababbin fasali da sayarwa bashi, masu saye suka fara komawa can. Sai da aka rufe masana'antu wata da watanni a 1927 kafin Model A ta fito. Daga nan inji mai silinda 8 na masu ƙaramin ƙarfi ya zo a 1932, akori-kura ta jerin F ta zo a 1948, kuma tun 1977 babu akori-kurar da ta fi ta kasuwa a Amurka.

Yanzu mu dawo gareji. Kuskuren farko shi ne ɗaukar Ford a matsayin mota ɗaya. A tsawon tarihinsa kamfanin ya ƙera motoci a Ingila da Jamus da Kanada da Afirka ta Kudu, kuma kowace da tsarinta. Kai kanka ka sha kwance Ford ba tare da fargaba ba, domin a cikin motocin hayar da muke kira Sharon akwai Ford Galaxy, wadda aka fara ƙerawa a 1995 a masana'anta ɗaya da Volkswagen Sharan a Palmela ta ƙasar Fotugal. Gangar jikinsu ɗaya ce, wasu Galaxy ɗin ma injin Volkswagen ne a cikinsu, kamar na dizal 1.9 da na fetur 2.8, wasu kuma injin Ford 2.0 ko 2.3. Wanda ya je sayo kaya da sunan da ke goshi kaɗai, bai buɗe bonet ya ga injin ba, zai yi sawu biyu. Haka Ranger da ake gani a hannun kamfanoni da ma'aikatu, yawancinta daga Afirka ta Kudu take, har a 2015 aka fara haɗa ta a Ikeja tare da kamfanin Coscharis. Saboda haka kafin ka ɗauki sufana, karanta lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5 ƙirar Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko, WF0 kuwa ta reshen Turai ce, sannan abu na goma a jerin yana nuna shekarar ƙira a motocin kasuwar Amurka.

Waɗanda ake gudu su ne Explorer da Edge da Escape da ake shigowa da su na hannu. Akwai masu irin waɗannan motoci biyu da nake yawan tunawa. Na farko ya kawo mini tasa giya tana fizga, da na bincika sai na tarar a wani gareji an juye man giyarta an zuba wanda ake zuba wa kowace mota, mai launin ja kawai aka duba. Ford tana da man giya iri-iri, kamar Mercon V da Mercon LV, kuma kamfanin da kansa ya ce ba a musanya ɗaya da ɗaya. Sunan wanda ya dace yana cikin littafin mota, sau da yawa ma yana rubuce a jikin sandar gwajin mai. Mutumin nan ya sayar da motar da asara, yana kuma gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa giyar Amurka ba ta da ƙarko. Na biyun tsohon ma'aikaci ne mai riƙe da littafi a aljihun motar, duk abin da aka zuba ko aka sake sai ya rubuta kwanan wata da nisan tafiya, ba ya yarda a zuba abin da bai gani a rubuce ba. Har yau yana hawan abarsa.

Baƙin mai ma haka ne. Injin 3.5 mai silinda 6 da ke cikin Edge da Explorer mai tsinkakke yake so, 5W-20, domin da matsin mai ake sarrafa lokacin buɗe bawul, ta cikin ramuka ƙanana masu rariya. Idan ka zuba masa 20W-50 da hujjar cewa ƙasarmu da zafi, man ba zai ratsa da wuri ba, musamman da safe, sai ƙara da rashin ƙarfi su biyo baya. Sannan al'adar nan ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, ina roƙonka kada ka gaje ta. Kwamfutar motar tana auna zafin inji kafin ta yanke yawan fetur da za ta ba shi. Idan injin bai kai zafin aikinsa ba za ta ci gaba da ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, mai motar ya dawo yana cewa motar Amurka rijiya ce.

Wannan ba yana nufin ƙirar ba ta da wuraren da ake taka-tsantsan ba. A wannan injin 3.5, idan an kwantar da shi a gicciye kamar na Edge, famfon ruwa yana ciki ne bayan murfin gaba, sarƙar taimin ce take juya shi. Idan ya lalace ruwa yana iya gangarawa cikin baƙin mai, kuma inji ba ya daɗewa a haka. An bar ɗan rami da ruwa zai ɗigo waje ya ba da sanarwa, don haka duk lokacin da irin wannan mota ta shigo, ka leƙa ƙarƙashi wajen gaban inji, ka duba ko ruwan lagireto yana raguwa ba dalili, ka zaro sandar mai ka ga ko ya fara yin fari. Ka hana mai motar zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla, domin tsatsar da yake kawowa ita take cin famfon. Aikin sake shi babba ne, ka faɗa masa gaskiyar kuɗin tun kafin ka kwance.

Taya kuwa tana da tarihin da ya kamata kowane bakanike a ƙasar zafi ya sani. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan Explorer, bayan fatar taya ta riƙa ɓarewa a guje mota tana kifewa, mutane sama da 200 suka rasu a Amurka. Abin ya fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma gan shi a Saudiyya da Benezuwela. Kamfanonin biyu sun yi ta jayayya, Firestone yana cewa iska 26 da Ford ta rubuta ta yi kaɗan, 30 ya kamata, Ford kuwa tana cewa aibin na tayar ne, har huldarsu ta kusan shekara 100 ta yanke a 2001. Daga nan ne dokar Amurka ta wajabta na'urar da ke faɗakar da direba idan iska ta ragu, a kan sababbin motoci tun 2007. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, ga kaya, ga kwalta mai ƙuna a watan Afrilu. Idan fitilar wannan na'ura ta kama, gyara ake yi, ba a liƙe ta da baƙin salatif, kuma adadin iskar yana kan takardar da ke jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba.

Idan mai saye ya nemi shawararka, kada ka ɓoye masa cewa kayan gyaranta sun fi na Toyota tsada da wuyar samu a kasuwanninmu, wani abin sai an aiko daga Legas, kuma mai silinda 6 ba za ta sha mai kamar ƙaramar mota ba. Ka tuna masa cewa agogon motar Amurka da mil yake lissafi, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne da 'yan kai. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba tsatsa, domin a jihohin arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe da bututun birki. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, ka duba kawunan wayoyi, saboda wasu daga gwanjon motocin da ambaliya ta shanye ake sayo su, irin waɗannan kuwa wutarsu ba ta ƙarewa da rikici.

Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da kafar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Ford ta gaba da za ta shigo, kai zan bar wa ita: ka rubuto mini lambar shasi da girman inji da irin man da littafi ya ce, ka jona na'urar ka kwafo lambobin da ta nuna, sannan mu zauna mu duba su tare kafin a kwance ko noti ɗaya.